Aili Rautio, Matar da Ba Ta Ɗaga Rana ta Bakwai

Cinikin da aka ƙulla tsakanin Aili Rautio da Armand Legault a ɗakin ƙasa na asibitinmu, wata Litinin a farkon Oktoba, ba a rubuta shi a takarda ba, kuma babu wanda ya tashi daga wurin yana murna. Armand na zaune a bakin gadon gwaji, hularsa a gwiwa, ya riga ya haɗiye kafso, ƙwayar da ake fara gwajin da ita, tun da safe. Aili na tsaye da katin da aka rubuta masa ranar dawowa, tana kallonsa kamar an miƙa mata mushen ɓera.

"Wa ya rubuta maka nan da mako biyu?"

Ya ce matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ce, kuma shi ya roƙe ta, don ranar Asabar za a shiga daji farautar mus. Matar teburin ta ce masa ba komai, ita ma mijinta zai tafi. Haka garin nan yake. Makon da ake bin wannan ƙaton naman dajin da ya fi doki tsayi, likitan haƙori rufewa yake, aure ɗagawa ake, jana'iza ma in da hali sai ta jira.

"Malam Legault, kwana bakwai aka ce," in ji Aili. "Ba goma ba, ba sha huɗu ba. Abin da ka haɗiya bai san farauta ba."

Armand ya ƙirga da yatsu, sai fuskarsa ta washe. Ya tuna mata cewa Litinin mai zuwa ranar hutun bikin godiya ce, wanda ake yi da gasasshen talotalo, sashenta a kulle yake. Ya ɗauka ya kama ta.

"Na sani. Talotalona na cikin firji, baki goma sha ɗaya ke jiransa. To ga ciniki. Ni in bar talotalo in zo in buɗe ɗakin nan ƙarfe goma, kai ka bar mus ka zo ka kwanta a nan. Kuma duk makon nan ba za ka sha ƙwayar tsayar da ciki ba, ko rabi."

Ya tambaye ta ko ta san shekara nawa ya yi yana jiran izinin harbin nan. Ta ce ba ta sani ba, amma ta san shekara nawa ya yi yana tsere da ƙofar bayi, ga shi a rubuce a gabanta, tara. Ya juya hular, ya miƙa mata hannu.

Ni ina cikin mutum uku da wannan cinikin ya cuta, don haka kada wani ya ce ina yabon matar nan ne saboda na ci abincinta. Ta ja mini asarar nama na shekara guda. Amma ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, na duba jaridar garin nan ban ga ko layi ɗaya a kanta ba, alhali an ba wani kare da ya ɓata rabin shafi. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da ba sana'ata ba ce.

Ƙarfe shida da rabi take isowa, ko ana zuba ƙanƙara ko ana ƙwalla rana. Ta sauka matakala hawa biyu, ta wuce ɗakin wanki, ta buɗe ƙofar da ke da alamar nukiliya, wadda masu shara ma ke ratsewa in sun zo wucewa. Ɗakin ba taga. Kafin ta sha shayi sai ta gwada na'urarta, sannan ta auna ɗakin babu kowa a ciki, don ta san abin da bango da ƙasa ke fitarwa da kansu kafin a kwantar da mutum. Ana kawo mata masu ciwon zuciya da na ƙashi da na maƙogwaro. Amma safiyar Litinin ta masu gudawa ce, irin waɗanda ta ƙi tsayawa shekara da shekaru, masu shigowa suna waige-waige suna neman ƙofa ɗaya tak. Ita ta ja kujerun jira da hannunta ta jera su a jikin wannan ƙofar. Tana da aljihun tebur cike da wandunan asibiti, in tsautsayi ya faɗa wa mutum sai ta ajiye masa ɗaya a bakin ƙofa ta koma aikinta, kamar ba ta ga komai ba.

Ga yadda gwajin yake, kamar yadda ta bayyana mini, ni da ban wuce aji takwas ba. Hanta tana yin ruwan matsarmama don narka maiƙo. In ya gama aikinsa, ƙarshen ƙaramin hanji ya tsotse shi ya mayar wa hanta, gobe a sake amfani da shi. Ga wasu mutane kuwa ba ya tsotsuwa, sai ya zarce babban hanji ya ƙona shi, ya mai da komai ruwa. To sai a ba mutum kafso mai irin wannan ruwan, an ɗiga masa ɗan sinadarin nukiliya kaɗan, wanda na'ura ke iya gani. A auna ranar farko, a sake aunawa rana ta bakwai, a ga nawa ya rage a jiki. Mai lafiya yana riƙe abinsa. Wanda ke zubarwa, na'ura ta tona shi. Shi ke nan. Duk ma'aunin likitoci a kan rana ta bakwai aka gina shi. In ka zo rana ta sha huɗu, lambar da za ta fito ba ta da amfani ga kowa.

Abu mai sauƙi haka, amma Armand ya shekara tara ba wanda ya aiko shi ɗakin nan. Tun da aka cire masa matsarmama cikinsa ya ɓaci. Wani likita ya ce damuwa ce. Armand, mutumin da ya taɓa yin barci a tsakiyar faɗan mashaya. Wani ya ce ya bar madara, ya bari. Wani ya ce burodi, ya bari. Wata ta ba shi takarda mai hoton mace zaune a tabarma tana jan numfashi. An zura masa kyamara ta sama, an zura ta ƙasa, aka ce komai lafiya lau, ya gode wa Allah. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma wa ke tambayar mai ɗaki?

Aikinsa tuƙin motar share ƙanƙara ne a babbar hanya. Duk wanda ya san aikin ya san ba a tsayawa. Motoci talatin na biye da kai a duhun guguwa, kai ne idonsu. A hunturun da ya gabata sau biyu ana samun motar Armand a gefen titi, fitila na juyawa, ba kowa a ciki, shi yana can bayan bishiya cikin ƙanƙara har gwiwa. Maigidansa ba mugu ba ne, amma ya gaya masa gaskiya: ƙarshen Oktoba zai fitar da sunayen direbobin hunturu, in ba takardar likita mai cewa an gano ciwon kuma ana maganinsa, ba sunansa. Mutum ɗan shekara hamsin da tara, ba abin da ya iya sai wannan sitiyarin. Kafson kuma daga ƙetaren teku ake kawo shi a jirgi, ƙididdigagge. In wannan ya lalace, sai bayan wata huɗu, lokacin an gama rabon aiki. Aili ta san duk wannan, don ita tana tambayar mutum sana'arsa kafin ta tambaye shi nauyinsa.

Asabar muka shiga daji mu huɗu: ni, da Armand, da Taras mai kiran mus da ƙahon ɓawon itace, da ƙanin matata Dino wanda aikinsa dafa wake da surutu. Tafiyar awa biyar ce, ta ƙarshe a hanyar masu yankan katako, inda waya ba ta kamawa. Izini ɗaya muke da shi mu duka, na Armand, wanda ya jira shekara goma sha biyu kafin ya faɗo masa a ƙuri'a. Doka kuwa a fili take: mai izini ya kasance cikin farautar, yana kusa, in ba haka ba duk wanda ya ja kunama jami'in gandun daji zai raba shi da bindiga da mota. Armand bai gaya mana maganar cinikinsa ba sai da aka kafa tanti aka sauke kaya. Dino ya ajiye ludayi ya tambaye shi ko matar asibitin nan ce ke sa masa wando da safe. Taras ya juya masa baya, wanda ya fi zagi ciwo.

Ya cika alkawarin ƙwaya, wannan na shaida. Kwana biyu bawan Allahn nan ya fi zama bayan bishiya fiye da kan kujerar dako. Taras ya ce ba mus ɗin da zai matso inda Armand ya bi, sai dai in mura yake yi. Amma yammacin Lahadi wani ƙaton namiji ya amsa kira daga hayin fadama. Muka ji yana karya rassa da ƙaho. Taras ya ce gobe kafin hantsi zai fito, ya rantse da kabarin ubansa.

Litinin da sassafe Armand ya shirya, ya laluba aljihu, ba makullin mota. Ya zazzage jaka, ya ɗaga katifa, ya tona tokar murhu. Mu muna shan kofi muna taya shi jimami. Dino ya ce ƙila alama ce daga sama. Aka shiga ba shi baki: kwana ɗaya me zai rage, gobe ma rana ce, matar nan tana can tana yanka talotalonta ta manta da shi, wa ya taɓa ganin ma'aikacin asibiti ya fito ranar hutu don cikin wani. Ni na fi kowa iya wannan wa'azin. Har ƙarfe bakwai yana nema. Daga nan ya jingine bindigarsa a jikin tanti, ya zare harsasan ya ajiye a kan tebur.

"Na bar farauta, ku shaida. Titi mil ashirin ne, wani zai rage mini hanya."

"Da wannan cikin naka, tsoho?" in ji Dino.

"Ita ta ce za ta zo."

Ya kama hanya da ƙafa. Muka ce zai dawo, bari ya ji sanyi. Ƙarfe takwas saura mus ɗin ya fito daga cikin ciyawa, taku sittin daga inda muke, ya tsaya ya ba mu haƙarƙari kamar hoton kalanda. Shekara arba'in ina shiga daji ban ga ƙaho irin wannan ba. Taras ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya daɗe, ya sauke. Mai izini ya tafi. Dabbar ta gama kallonmu, ta sha ruwa, ta juya a hankali ta shige. Sai na cire takalmina na zazzago makullin. Eh, ni ne. Na faɗa, kuma ba zan sake faɗa ba.

Na tarar da shi ya yi mil huɗu, fuska ta yi fari. Ya shiga mota bai dube ni ba. Sau bakwai muka tsaya a hanya. Da waya ta fara kamawa ya kira sashen, ba a ɗauka ba, don layin ranar hutu wata na'ura ce ke amsawa tana yi maka barka da biki. Na ce masa ka gani, ta tafi gida, wa zai jira awa huɗu. Ya ce in yi tuƙi in rufe masa baki.

Biyu da minti goma muka isa. Filin ajiye motoci wayam, sai wata tsohuwar mota ja a lungu. Muka sauka matakala da taɓo a ƙafa da rigunan farauta ruwan lemo. Tana zaune a ɗaya daga kujerun nan na bakin bayi, da rigar bikinta a ƙarƙashin farar rigar aiki, tana cin biskit ɗin injin sayar da kaya. Daga baya muka ji mijinta Osmo ya kira sau shida yana tambayar yadda ake sanin talotalo ya nuna. Ta dubi agogo, ta dubi Armand, ta dube ni.

"Wannan ne ya ɓoye makullin?"

Ba wanda ya gaya mata. Ta ce ubanta maharbi ne, a kowace tawaga akwai mai ɓoye makulli, kuma yawanci shi ne mai yawan magana. Ta sa Armand ya cire riga da bel, ta tambaye shi maganar ƙwaya tana kallon ƙwayar idonsa, ya ce ko rabi. Ta ce ta yarda, ramar da ya yi ta isa shaida. Ta kwantar da shi daidai inda ya kwanta makon jiya, don ta manna alama a gadon ta kuma rubuta tsayin na'urar. Minti biyar a rigingine, minti biyar rub da ciki. Ni ina tsaye a ƙofa ina cizon yatsa: shekara goma sha biyu na jira, da ƙaho mai faɗin ƙofar gareji, duk a kan minti goma na kwanciya.

Ta zauna ta buga lissafinta, ta sake bugawa. Armand ya tambaye ta me ta gani. Ta ce faɗa ba nata ba ne, na likita ne, ita aunawa kawai take yi. Ya ce don girman Allah, Madam. Ta cire tabarau ta goge.

"Kana shan ruwan lemo da safe?"

"Ba na so."

"To ka fara koyo."

Ranar Alhamis likita ya kira shi. Kashi uku cikin ɗari ne ya rage a jikinsa, mai lafiya kuwa ya kan riƙe sama da sha biyar. Aka rubuta masa wani garin magani da ake damawa a ruwan lemo, mai kama ruwan matsarmamar kafin ya yi ɓarna. Armand ya ce ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kwali da yashi. Kwana huɗu da farawa ya zauna a coci tun daga farko har ƙarshe, matarsa Lorraine na ta taɓa shi tana tambaya ko lafiya. Ya kai takarda wa maigidansa saura kwana shida a rufe suna. Guguwar farko ta Nuwamba ya yi awa goma sha ɗaya a kan hanya, bai sauka ba sai don shan mai.

Ita kuma me aka yi mata? Takardar gargaɗi. Wai ta buɗe sashe ranar hutu don aikin da ba na gaggawa ba, ba tare da izinin sama ba. Ta karanta ta ninke. Ba ta je ta yi wa matar tebur faɗa ba, kofi ta kai mata, suka zauna suka ɗauko kalandar shekara suka yi jar alama a kan duk Litinin ɗin da rana ta bakwai bayanta za ta faɗo ranar hutu, suka kuma ƙara tambaya ɗaya ga duk wanda za a ba kafso a kaka: za ka shiga daji? Yanzu wannan tsarin yana manne a bango cikin gilashi, da sa hannun manajan da ya rubuta mata gargaɗin a ƙasansa. A walimar sallamarta, wadda ba ta kai minti ashirin ba, wannan manajan ya tashi ya gode mata kan hidimar da ta yi a ɗakin hoton ƙashi. Ko sashenta bai sani ba.

To Aili, bari in gaya miki abin da bai sani ba. Ke ce kika riƙa bin likitocin garin nan ɗaya bayan ɗaya a layin abinci, da tirenki a hannu, kina tambayarsu mutum nawa suka ce wa damuwa ce a watan nan, har suka fara aiko miki da su don ki ƙyale su su ci abinci. Ke ce wata malamar makaranta ta gaya wa matata cewa shekara shida ba ta hau bas ba sai bayan ta bi ta ɗakinki. Ke ce kike kiran mutum a waya rana ta shida, ki ce gobe ne fa, ko da ya rantse miki ba zai manta ba. Mai taurin kai a inda taurin kai ke da amfani. Ciwon da kika yi wa hidima ba shi da ranar tunawa, ba a yi masa tattaki, ba wanda ke liƙa alamarsa a ƙirji. Waɗanda kika taimaka ba sa iya tsayawa a taro su faɗi abin da kika raba su da shi. Shi ya sa kika shekara talatin da ɗaya ba a ji sunanki ba. Na gode miki a madadinsu, da na Armand wanda ya ce in rubuta amma kada in sa maganar bishiya.

Ku matasan da kuka gaji ɗakin nan, na'urar ba ta da wuya, an koya muku a makaranta fiye da yadda aka koya mata. Ku tambayi mutum sana'arsa. Ku bar kujerun nan inda ta ajiye su. Likitoci kuma, in mutum ya ce muku cikinsa ya hana shi zuwa jana'izar ɗan'uwansa, matakala hawa biyu ce kawai tsakaninku da amsa. Ku kuma masu fama kuna ɓoyewa, ku buɗe baki ku nemi a gwada ku, in an gwada ku koma ranar da aka ce.

In an zo rabon riba da asara, Armand ya tsira da motarsa ta share ƙanƙara, hunturu huɗu ke nan, amma izininsa ya tafi a banza, ya koma ƙarshen layi, kuma a shekarunsa da wuya ya sake faɗo masa. Aili ta samu takarda a fayil, da talotalon da Osmo ya mayar itace, har yau surukanta na yi mata tsiya a kai. Ni da Taras da Dino mun ci wake har bazara, Taras kuma ya yi wata biyar bai amsa gaisuwar kowa a cikinmu ba. Mus ɗin kuwa, Dino ya ce ya sake ganinsa bara a wannan fadamar, ya ƙara ƙiba.